Wandon Sallah da Allurar Girma

A cikin azumin shekarar 2021, ana saura kamar kwana 12 Sallah, na tasa 'ya'yana maza biyu a gaba, da yadin shaddarsu a hannu, muka nufi shagon telanmu a nan Agege. Telan nan dattijo ne Bazazzagi, ya fi shekara 30 yana ɗinki a Ikko, yana kuma da wata ɗabi'a wadda telolin zamani suka yar, watau duk wanda ya auna sai ya rubuta awon cikin wani ƙaton littafi mai bangon kwali, kowane gida da shafinsa, kowane awo da shekararsa. Da ya gama auna yaran sai ya ce su jira mu a bakin shago. Sa'an nan ya buɗe shafin gidanmu, ya ɗora yatsa a kai.

Ya ce, "Malam, ka gafarce ni, ba shisshigi nake so in yi ba. Dubi nan. A 2018 wandon yaran nan awonsu ɗaya ne, inci 26. Yau na ƙaramin ya kai 30, na babban 28. Inci biyu ke nan cikin shekara uku. Ni ba likita ba ne, amma yaran da na auna ba su ƙidayuwa, ban kuwa saba ganin haka ba. Da ni ne, da na kai shi babban asibiti."

Na yi masa godiya da baki, amma a zuci haushinsa na ji, irin haushin da mutum kan ji in aka faɗa masa abin da ya riga ya sani yana kau da kai. An haifi babban a 2011, ƙaramin a 2013. Lokacin da kansu ya zo ɗaya, mutanen unguwa sukan tsokane su da Hassan da Usaini, mu ma mu yi dariya. Da ƙanen ya wuce shi, dariya ta ƙare. Baƙo ya zo gida, sai ya miƙa wa ƙaramin tsaraba ya ce ya raba da ƙanensa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne kwance. A kowane gidan Bahaushe kwancen wa ne ke sauka kan ƙane, a gidana sai abin ya juya. Ranar da uwarsu ta miƙa masa rigar da ta yi wa ƙanensa kaɗan, ba tare da ta kawo kome a ranta ba, bai ce uffan ba, ya karɓa ya ninke ya ajiye, ya kwana bai ci tuwo ba.

Muna da amsoshin da muke ba kanmu. Mukan ce gado ne, kakansa na wajen uwa ba dogo ba ne. Mahaifiyata in ta zo daga Funtuwa takan jawo shi jikinta ta ce, "Ku ƙyale mini maigidana, gajere ba yaro ba ne." A 2019 na taɓa kai shi wani ƙaramin asibiti, likitan ya dube shi daga inda yake zaune, bai ko tsayar da shi jikin ma'auni ba, ya ce in ya balaga zai miƙe. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa ban nemi ta biyu ba. Daga nan kuma na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na je wani kemis aka haɗa mini ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Cikin mako uku kumatunsa suka cika, muka ce jiki ya fara karɓa. Sai daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin, mai suna dezametazon, kumburi yake sawa, kuma yana cikin magungunan da ke danne tsawon yaro in aka daɗe ana ba shi. Da kuɗina na saye shi, ni ne kuma nake tsare yaron sai ya haɗiye.

Bayan Sallah maganar tela ta hana ni sakat, na nemi takardar turawa zuwa wani asibitin koyarwa. Likitar da ta gan mu, wata Bayarabiya mai yawan tambaya, abu na farko da ta nema shi ne awon tsawonsa na shekarun baya. Ba mu da shi. Katin rigakafinsa nauyi kawai aka rubuta a ciki, shi ma ya tsaya tun bai shekara biyu ba. Sai na ciro waya na nuna mata hoton shafin littafin tela. Ta yi dariya, ta sake dubawa, dariyar ta tsaya. Ta ce ba a yanke hukunci da awon wando, amma abin da na kawo ya fi abin da yawancin iyaye ke kawowa. Ta tsayar da shi ba takalmi, dugadugai manne da allon awo: santimita 118. Matsakaicin ɗan shekara 10 yakan kai wajen 138. Ta auna ni, ta auna uwarsa, ta yi lissafi, ta ce maganar gado ta faɗi. Ta ce mu dawo bayan wata shida a sake awo da wannan allon dai. Muka dawo, ya ƙaru da santimita ɗaya da rabi. Yaro mai lafiya, tsakanin shekara huɗu da balaga, yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wanda ya kasa 4 kuwa, lalle ne a bincika.

Bari in ɗan bayyana wa mai karatu abin da na koya cikin watannin nan. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, can ciki bayan karan hanci, akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai fi ƙwayar wake ba, likitoci suna kiransa fitutari. Duk da ƙanƙantarsa shi ke ba ƙullutun maƙogwaro da na saman ƙoda da na haihuwa umurni, shi ke kuma fitar da sinadarin girma. Ba ya zubo shi kamar famfo, zuwa yake yi yana ɗaukewa, mafi yawa da dare in barci ya yi nauyi. Ashe korar yaro ya kwanta da wuri ba mugunta ba ce. Sinadarin yakan bi jini zuwa hanta, hanta ta fitar da wani na biyu, su taru a kan guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa, su sa shi ya yi ta toho yana zama ƙashi. Tsawo ke nan. Amma guringuntsin nan ba ya dawwama. In balaga ta kammala sai ya rufe ya zama ƙashi zalla, daga nan ko wanka za a yi wa mutum da maganin, ba zai ƙaru da ko tsawon ƙwayar gero ba.

Likitar ba ta fara da zargin ƙullutun nan ba, domin rashin sinadarin girma ba abu ne mai yawa ba, ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000. Abin da ke tsumburar da yara a ƙasarmu yunwa ce da yawan cuta, tun suna ciki har su shekara biyu. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa, inda na fito, kashi 57. Waɗannan miliyoyin yara ƙwai suke bukata da wake da madara da ruwa mai tsabta, duk wanda kuma ya ɗauka ina tallar allura ga gajerun yara bai fahimce ni ba. Saboda haka sai da aka duba ko akwai sikila, aka duba ƙoda da ƙullutun maƙogwaro da hanji. Duk lafiya. Aka ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu, aka ce ƙashin ɗan shekara bakwai ne a jikin ɗan shekara goma. Na tsorata da jin haka, sai likita ta ce albishir ne, domin guringuntsin zai daɗe bai rufe ba, muna da rarar shekara uku.

Tun da yake sinadarin zuwa yake yi yana ɗaukewa, ba a gane shi da ɗiban jini sau ɗaya. Sai aka kwantar da yaron da sassafe bai karya ba, aka ba shi wani magani mai zaburar da ƙullutun, ana ɗiban jini duk bayan rabin sa'a, a ga ko zai amsa. Sau biyu aka yi da magunguna iri biyu, bai amsa ba. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙullutun ƙarami ne ainun, amma babu ƙari, wanda shi ne abin da ake tsoro. Likita ta tambayi uwarsa yadda aka haife shi. Ta ce da ƙafa ya zo, ya kuma yi shawara mai tsanani a makon farko. Likita ta ce ana yawan samun haka ga yara irinsa. Shekara goma muna da wannan labari a gida, ba wanda ya taɓa tambayarmu.

Da na gaya wa dangi cewa za a riƙa yi masa allura kowane dare har ya gama girma, sai ƙura ta tashi. Mahaifiyata ta ce a waya, "Kai dai ka ji tsoron Allah. Wanda ya halicce shi haka bai san abin da yake yi ba ne?" Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a waje ya ƙara iza wutar, ya ce ya ji daga kan gawa ake tatso maganin. Na bi diddigin wannan magana, na kuwa tarar tana da tushe, sai dai tushen ya tsufa da shekara kusan 40.

Ga yadda abin yake. Masu ciwon sukari sun daɗe ana yi musu allurar insulin ta shanu da aladu tana yi musu aiki. Sinadarin girma ba haka yake ba, na saniya ba ya aiki a jikin mutum. A 1958 wani likita a Boston ta Amurka, Maurice Raben, ya ba da rahoton yaron da ya yi wa magani da sinadarin da aka tace daga ƙullutan mamata, yaron kuwa ya yi tsawo. Daga 1963 zuwa 1985 yara wajen 7,700 aka yi wa irin wannan a Amurka, maganin kuma bai taɓa isa ba, rabonsa ake yi kamar ruwa lokacin fari. A 1985 sai aka ga waɗansu samari da aka yi wa allurar suna yara sun mutu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa mai suna CJD, 'yar'uwar cutar haukar shanu, wadda takan yi shekaru da yawa a ɓoye kafin ta bayyana. Ashe cikin dubban gawarwakin da aka haɗa akwai masu ɗauke da ita. Nan da nan aka dakatar da rabawa a Amurka da Ingila. Waɗanda suka mutu ta wannan hanya a duniya sun haura 200, fiye da 100 daga cikinsu a Faransa.

A watan Oktoba na wannan shekara ta 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon iri wanda kamfanin Genentech ya yi ba tare da taɓa gawa ba. Dabarar ita ce a ɗauki ƙwayar gadon mutum mai ɗauke da umurnin ƙera sinadarin, a dasa ta cikin ƙwayoyin bakteriya, a yi kiwonsu cikin manyan tankuna, su yi ta ƙerawa ana tacewa. Allurar da likita zai rubuta yau ta irin wannan hanya ake yin ta. Ɗan'uwan namu ya yi shiru. Mahaifiyata kuwa ba da tarihi aka shawo kanta ba. Limamin masallacinsu ne, da ta kai masa ƙarata, ya tambaye ta ko tana ganin laifin maƙwabciyarta mai ciwon sukari da ke yi wa kanta allura safe da yamma. Ta ce a'a. Ya ce, "To, Hajiya, ita jikinta ya gaza yin wani abu an cika mata, jikanki ma haka ne. Neman magani ne." Ta kira ni ta ce in gaishe da maigidanta, in kuma riƙa yin bisimilla kafin in soka.

Muka fara a watan Maris na 2022. Allurar tana zuwa cikin wani abu kamar alƙalami, da ɗan tsinke siriri, ana soka shi ƙarƙashin fata da dare, yau a cinya, gobe a ciki, jibi a ɗuwawu, don kada wuri guda ya lotsa. Makon farko ni nake yi hannuna na rawa. Kafin wata biyu ya karɓe alƙalamin yana yi wa kansa. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne sanyi. Maganin yana son zama cikin firiji tsakanin digiri 2 da 8, zafi yana ɓata shi, daskarewa ma tana ɓata shi, wanda kuwa ya san halin wutar lantarki a unguwanninmu ya san abin da nake nufi. Na sayi ƙaramin janareta saboda firiji kawai. In mai ya ƙare, mu naɗe alƙalamin cikin tsumma mu sa a kula da ƙanƙara. Da za mu je gida Babbar Sallah, kular nan a kan cinyata ta yi tafiyar tun daga Ikko har Funtuwa, a Lakwaja fasinjoji suna neman abinci ni ina neman ƙanƙara.

A shekarar farko ya ƙaru da santimita 10. Ɗan tumbin da yake da shi ya sauka, fuskar jarirai ta tafi, takalmi ya matse shi sau biyu. Duk bayan wata uku ko huɗu mu koma a auna shi, a ɗebi jini, a daidaita yawan maganin. Likita ta ja mana kunne cewa in ya yi ciwon kai mai tsanani da amai, ko ganinsa ya dushe, ko ya fara ɗingishi yana kukan kwatangwalo ko gwiwa, mu kawo shi a ranar. Allah ya tsare, ba mu ga ko ɗaya ba.

To, sai maganar kuɗi. Daga waje ake shigo da maganin, da dala ake sayensa, da nauyin yaro kuma ake auna shi, watau yana ƙara girma kuɗin na ƙaruwa. Tun a farko kuɗin wata guda ya fi albashina. Na sayar da filin da na saya a gida don ginin tsufa, uwarsa ta sayar da gwal ɗin aurenta, ƙanena ya ɗauki wata uku a kowace shekara. Muna lallaɓawa a haka sai 2023 ta zo. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, 750 a bayan fage, cikin Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Kuɗin alƙalami ya ninka, na man janareta ya ninka sau uku. Daga Janairu zuwa Mayu na 2024 ɗana bai ga allura ba.

Ba zan manta da watannin nan biyar ba. Da ciwo ne mai zafi, da kukansa ya sa mutane sun taimaka. Wannan kuwa yaro yana wasa yana zuwa makaranta, wanda ka roƙa sai ya dube shi ya ce ai lafiyarsa lau. Ni da uwarsa kaɗai muka san rana tana yi, domin hoton hannun da ake ɗauka kowace shekara yana nuna rarar nan tana raguwa, watan da ya wuce ba allura kuwa ba a rama shi kamar azumi. A wannan shekara santimita 4 kawai ya ƙaru. Abokai masu son kwantar mini da hankali kowa sai ya kawo mini labarin Messi, wai ai shi ma ciwon ke nan, ga shi ya zama gwanin duniya. Gaskiya ne, an gano ciwon yana yaro a garinsu Rosario ta Ajantina, ya yi ta soka wa kansa allura a ƙafa, yau tsawonsa mita 1.70. Amma masu ba da labarin sukan tsallake tsakiyarsa, watau kuɗin ya gagari iyayensa, har sai da aka ƙetare teku da shi yana ɗan shekara 13 zuwa Sifen, inda ƙungiyar Barcelona ta ɗauki nauyin maganin saboda ƙafarsa ta hagu. Ɗana ba ya buga ƙwallo, lissafi ya iya. Waɗanda suka cece mu a ƙarshe 'yan garinmu ne mazauna Ikko, da suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, da wani attajiri cikinsu wanda ya ce kada a faɗi sunansa.

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa akwai allurar tsawo a firijin gidana, na ga abubuwa. Wani maƙwabcina ya zo da dare, bayan doguwar gaisuwa ya ce ɗansa mai shekara 21 ya je neman shiga soja an mai da shi, ana son mita 1.68 shi kuwa ya gaza da santimita uku. In taimaka in sayar masa da alƙalami ɗaya, ko nawa ne. Na ce, "Alhaji, wallahi ba rowa ba ce. Ƙashin yaronka ya rufe, ko ɗari ka saya ba abin da za su ƙara masa sai kumburin ƙafa da ciwon gaɓoɓi." Ya tafi bai yarda ba, daga baya na ji ya sayi wani garin magani da ake talla a Facebook. Sinadarin girma kuwa dangin furotin ne, in aka haɗiye shi ciki narkar da shi yake yi kamar tsire. Duk mai sayar maka da shi a ƙwaya ko gari ko shayi, kuɗinka yake so.

Ba talakawanmu kaɗai ake yi wa wayo ba. A 1990 wani likita a Amurka, Daniel Rudman, ya buga sakamakon allurar da ya yi wa tsofaffi maza 12 na wata shida: tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu. A kan mutum 12 ɗin nan aka gina kasuwar maganin tsufa ta masu kuɗi, alhali binciken da ya biyo baya ya nuna tsoho mai lafiya ba ya samun wani ƙarfin kirki daga allurar, sai kumburi da ciwon gaɓoɓi. A 2003 kuma Amurka ta yarda a riƙa yi wa yaran da suke gajeru ƙwarai ba tare da an sami wata cuta a jikinsu ba, bayan shekaru ana suka kuwa abin da sukan samu bai cika wuce santimita 4 zuwa 6 ba. A nawa ganin, yaron da lafiyarsa ƙalau, in ka yi shekara biyar kana soka masa tsinke, abin da kake koya masa shi ne yadda yake bai gamshe ka ba.

Da na gaya wa likitarmu labarin maƙwabcina, na ƙara da cewa ashe babba ba abin da ya haɗa shi da wannan allura, sai ta gyara mini. Ta ce babba ma yana bukatar sinadarin kaɗan don ƙarfin ƙashi da tsoka da daidaita kitse. Wanda aka yi wa tiyata a ƙullutun saboda ƙari, ko ya yi haɗari ya bugu a ka, yakan rasa shi, sai ya yi ta tara kitse a ciki, ƙarfi ya ƙare, ƙashi ya yi rauni. Tun 1996 aka amince a Amurka da yi wa irin waɗannan allurar, da awo ƙarami bisa na yara, bayan gwajin jini ya tabbatar, ba a kuma yi wa mai ciwon daji a jiki. Sa'an nan ta ambaci wani abu da ya tsaya mini a rai. Ta ce a ƙasashe irin namu, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da mace ke rasa ƙullutun ita ce zubar jini wajen haihuwa. Ƙullutun yakan ƙara girma lokacin ciki, in jini ya zube ƙwarai sai ya rasa abincinsa ya mutu. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana haka tun 1937. Alamar fari nono ya ƙi zuwa, sa'an nan al'ada ta ɗauke ba ta dawowa, mace ta yi ta yanƙwanewa tana jin sanyi da kasala shekara da shekaru. Tana lissafawa ina ganin gwaggona, wadda ta haihu a gida a ƙauye ina yaro, aka yi ta fitar da zannuwa jiƙe da jini, jaririn aka ba kishiyarta ta shayar, ita kuwa ba ta sake haihuwa ba, ba ta sake yin ƙarfi ba, aka yi ta yi mata turaren iska har ta rasu. Likita ta ce mace irin wannan abin da ake fara ba ta ƙwayoyi ne masu araha, madadin sinadarin ƙullutun saman ƙoda da na maƙogwaro, su ne masu ceton rai. Allurar girma a ƙarshe take zuwa, in an sami hali.

Shi ma ɗana ba lalle ne ya rabu da tsinken ba ranar da ƙashinsa ya rufe. Za a dakatar na ɗan lokaci a sake gwaji. Waɗansu yaran abin da ƙullutunsu ke fitarwa yakan ishe su in sun girma, waɗansu kuwa, musamman waɗanda hoto ya nuna naƙasa a ƙullutun, sukan ci gaba. Ban gaya masa wannan ba tukuna. Abin da na gaya masa shi ne tun 2021 aka fitar da wani iri a Amurka da ake yi wa yara sau ɗaya a mako. Ya lissafa da ka ya ce suka 52 ke nan a shekara maimakon 365, ya tambaye ni nawa ne kuɗinsa, na ce ya je ya kwanta.

Azumin da ya wuce mun koma shagon tela. Idonsa ya fara rauni, yaron shagonsa ne ke taka keke yanzu, amma awo bai bar wa kowa ba. Ya auna ƙaramin, inci 36. Ya auna babban, ya sake aunawa, ya rubuta 35. Awon asibiti na watan da ya gabata ya ce santimita 147, hoton hannu kuma ya ce da sauran lokaci, ba dai mai yawa ba. Yaron ya leƙa littafin ya ga inci ɗayan da ya rage tsakaninsa da ƙanensa, bai ce kome ba. Tela ya juya ga yaron shagonsa ya ce, "Wandon babban, ka bar masa inci biyu a naɗe daga ciki. Kada ka yanke, za a dawo a warware."